BABI NA HUƊU: TARKEN ZAUREN TASWIRORI NA FADAR BATIKAN

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar taswira da ire-irenta da kuma amfanin da masu mulki suke yi da ita. A wannan babi kuwa za a ɗauki misali guda a yi tarkensa, wato dogon zauren nan na gidan adana kayan tarihi na fadar Paparoma da ke Batikan, cikin birnin Rum, wanda aka fi sani da Zauren Taswirori. Za a bi hanyar da aka saba bi wajen tarken adabi, wato a dubi zubi da tsari da jigo da kuma salo. Mai yiwuwa a ce ai wannan hanya ta waƙa ce da zube, ba ta bango da fenti ba. Amsa ita ce, duk aikin da wani ya tsara domin ya isar da saƙo ga wani, to yana da jigo, kuma yana da dabarun da aka bi aka isar da shi. Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ba don a koyar da labarin ƙasa aka zana waɗannan taswirori ba, an zana su ne don a yi da'awar mallaka, sa'an nan kuma adon da aka lafta wa zauren ya kai ga danne aikin da ya fi kowane daraja a cikinsa.

4.1 Tarihin Zauren a Taƙaice

Paparoma Giregori na 13, wanda ya yi mulki daga 1572 zuwa 1585, shi ne ya ba da umarnin aikin a shekarar 1580. Shi ne kuma Paparoman da ya gyara kalandar Turawa a 1582, aka tsallake kwana 10 a watan Oktoba, kalandar da ake amfani da ita har yanzu. Magininsa, Otabiyano Maskerino, ya tayar da zaure mai tsawon mita 120 da faɗin mita 6, da tagogi a ɓangarorinsa biyu, ɗaya na kallon lambun fadar, ɗaya na kallon babban tsakar gidan da ake kira Belbedere.

Aikin taswirorin kuwa an ɗora shi a kan Ignaziyo Danti (1536–1586), mutumin Ferujiya, malamin coci kuma masanin lissafi da taurari. Danti ba baƙo ba ne a wannan fanni. Tun daga 1563 ya yi wa Kosimo na gidan Medici zanen taswirorin sassan duniya a fadarsa ta Filorens, daga baya ya koyar da lissafi a Bolonya, kuma yana cikin malaman da suka yi aikin gyaran kalanda. Shi ne ya zana samfurin kowace taswira a takarda, masu fenti kuma suka mayar da su bango. An ɗora wa Jirolamo Muziyano da Sezare Nebiya kula da adon rufi, kuma akwai hannun wasu 'yan'uwa biyu daga Filandas, Matiyas da Pol Biril, waɗanda suka ƙware a zanen itatuwa da duwatsu. Aikin ya yi sauri ainun. Marubucin nan na Faransa, Montanyi, ya ziyarci Rum a 1581, ya kuma rubuta a littafin tafiyarsa cewa zauren ya kusa kammala. A cikin shekaru kimanin 3 aka gama komai, a 1583 kuma aka saka wa Danti da kujerar bishof na Alatiri.

4.2 Zubi da Tsari

Taswirori 40 ne a zauren. Manyan cikinsu suna tsakanin tagogi, kowace ta haura mita 3 a tsaye da mita 4 a kwance, ƙananan kuma suna gefen ƙofofi. An zana su ne a kan ɗanyen yaɓe, ta yadda launi yake shiga jikin bangon ya bushe tare da shi. Wannan dabara ba ta jure kuskure, domin in yaɓe ya bushe ba a gyara sai an kankare.

Gwanintar tsarin tana ga yadda aka raba taswirorin. Ƙasar Italiya doguwa ce siririya, ta kutsa cikin teku, kuma jerin duwatsun Afenin ya ratsa ta tsakiyarta kamar ƙashin baya. Danti ya mayar da daɓen zauren ya zama waɗannan duwatsu. A bango ɗaya ya jera yankunan da ke kallon tekun yamma, irin su Liguriya da Toskana da Kamfaniya da Kalabiriya da tsibiran Kosika da Sadiniya da Sisili. A ɗaya bangon kuma ya jera waɗanda ke kallon tekun Adiriyatik na gabas. Ke nan duk wanda ya taka daga wannan ƙofa zuwa waccan, kamar ya hau tsaunin ne yana tafiya a kan doronsa, yana waiwayen dama da hagu yana ganin ƙasa shimfiɗe a ƙarƙashinsa. A bakin ƙofar da ke wajen fada kuma aka sa taswirori biyu suna fuskantar juna, ta Italiya ta dā zamanin Rumawa, da ta Italiya ta zamanin Giregori. Su ne mabuɗin aikin, kamar yadda marubucin waƙa yake buɗewa da baitin da zai nuna inda ya dosa.

Wannan tsari abin yabo ne, domin ya sa ƙafar mai kallo ta shiga cikin karatun. Sai dai yana da aibi guda da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Tun da faɗin bangon da ke tsakanin tagogi ɗaya ne, dole aka ba kowane yanki fili daidai da na ɗan'uwansa, babba da ƙarami. Saboda haka ma'aunin kowace taswira ya sha bamban da na maƙwabciyarta. Ɗan ƙaramin yankin da ke kewaye da Ferujiya ya sami bango guda, tsibirin Sisili duk girmansa shi ma bango guda. Gaskiya ne an zana sandar awo a jikin kowace taswira, amma ido ba ya tsayawa lissafi, abin da ya gani shi yake ɗauka. Sakamakon haka shi ne, ƙasashen da ke hannun Paparoma, waɗanda aka yayyanka su ƙanana aka ba kowane bangonsa, sun fito da girman da ya wuce nasu na haƙiƙa.

Akwai kuma batun juya kai. Wasu daga taswirorin kudanci, musamman ta Sisili da ta Kalabiriya, an zana su ne kudu na sama, arewa na ƙasa, har maziyarci yakan ɗauka kuskure aka yi. Ba kuskure ba ne. Haka yankunan za su bayyana ga wanda ke tsaye a Rum ya fuskanci kudu. Ashe ke nan tun daga tsari an riga an faɗi inda cibiya take.

4.3 Jigo

Babban jigon wannan aiki shi ne mallaka. Kafin a gane haka sai an tuna cewa a 1580 babu wata ƙasa guda mai suna Italiya. Sarkin Sifen ne ke riƙe da Nafoli da Sisili da Sadiniya da Milan. Benis jamhuriya ce mai cin gashin kanta, haka ma Janowa, wadda Kosika ke hannunta. Gidan Medici ke mulkin Toskana. Paparoma kuwa yankin tsakiya kaɗai ne nasa. Ba a haɗe ƙasar ba sai a 1861, kuma birnin Rum bai shiga ba sai a 1870, wato kusan shekara 300 bayan Danti, kuma abin mamaki, haɗewar ta zo ne ta hanyar ƙwace ƙasar Paparoma. Don haka abin da ke bangon nan ba hoton abin da ke akwai ba ne, hoton abin da ake fata ne. An tara ƙasashen sarakuna daban-daban a ɗaki ɗaya, aka rufe su da rufi ɗaya, aka ba mutum ɗaya damar ya zaga su da ƙafa yana shan iska.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ita ce taswirar Abinyon. Wannan gari yana kudancin Faransa ne, ba ya cikin Italiya ta kowace fuska, ko ta harshe ko ta iyakar ƙasa. Dalilin shigarsa guda ne, wato Paparomomi sun zauna a can daga 1309 zuwa 1377, sun saye garin a 1348, kuma yana hannunsu a lokacin da ake zanen. Da labarin ƙasa ne maƙasudi, da Abinyon ba ta sami bango ba. Tun da ta samu, to ma'aunin shiga zauren ba iyakar Italiya ba ce, ikon mai zauren ne.

4.3.1 Warwarar Jigo

A rufi ne aka warware jigon filla-filla. Rufin kumbure yake kamar na soron baka, kuma an cika shi da gomman hotuna na tarihin coci da karamomin waliyyanta. Ba a watsa su haka kawai ba, an yi ƙoƙarin sa kowane labari a saman taswirar yankin da aka ce ya faru. Mai kallo zai dubi ƙasa a bango, ya ɗaga kai ya ga abin da ya tsarkake ta. A wajen Toskana akwai Waliyyi Faransis a dutsen La Berna. A wajen Loreto akwai ɗakin da Katolika suka yi imani mala'iku ne suka ɗauko shi. Idan aka tuna cewa Martin Luta ya fara tawayensa a 1517, kuma taron malaman Katolika na Tirento, wanda ya tsara martani ga 'yan Furotesta, an rufe shi ne a 1563, shekara 17 kacal kafin fara wannan aiki, za a gane wa ake mayar wa magana. Abubuwan da 'yan Furotesta suka musanta, wato waliyyai da karamomi da fifikon Rum, su ne aka jera, aka kuma kafa kowanne a kan taswira mai layukan awo, kamar ana cewa ga wurin, ga nisansa, mai musu ya je ya gani. An ari amincin da mutane ke ba lissafi aka jingina wa labarin da ba lissafi ne ya tabbatar da shi ba. Wannan ita ce dabara mafi zurfi a zauren baki ɗaya.

Wani zaren da ya ratsa hotunan shi ne na sarki mai rusuna wa malami. An nuna Paparoma Liyo na 1 yana tare Atila, sarkin Hunawa, a kusa da Mantuwa a shekarar 452, ya sa shi ya juya. An nuna Amburos, bishof na Milan, yana hana Sarkin Rum Tiyodosiyus shiga coci sai ya tuba. Fiye da kowa kuma an nuna Kustantin, sarkin Rum na farko da ya karɓi Kiristanci, Paparoma Silbesta yana yi masa baftisma, sa'an nan ga shi a ƙasa riƙe da linzamin dokin Silbesta. Wato mai mulkin duniyar Rumawa ya koma zagi. A nan tarke ba zai yi shiru ba, domin labarin bai inganta ba. Silbesta ya rasu a 335, Kustantin kuwa bai karɓi baftisma ba sai a 337, yana gab da mutuwa, a kusa da Nikomidiya, a hannun wani bishof daban. Takardar da aka daɗe ana kafa hujja da ita cewa Kustantin ya ba Paparoma mulkin yammacin daularsa, tun a 1440 Lorenzo Bala ya nuna ta jabu ce. Malaman fadar Giregori ba jahilai ba ne, mutanen da suka iya gano kuskuren kwana 10 a kalanda ba za a ce wannan ya shige musu duhu ba. Sun zaɓi abin da zai yi wa jigo hidima ne.

4.3.2 Ƙaramin Jigo: Yaƙi

A cikin taswirorin kansu an cusa ƙananan hotunan yaƙe-yaƙe a filayen da aka gwabza su, kamar karon Hanibal da Rumawa a tafkin Tirasimeno da kuma a Kanne. Waɗannan suna ƙara wa aikin armashi, kuma suna mayar da taswira ta zama littafin tarihi. Amma biyu daga cikinsu suna da wata manufa. A taswirar Malta an zana kewayen da rundunar Daular Usmaniyya ta Turkawa ta yi wa tsibirin a 1565 ba ta ci nasara ba. A ta Korfu kuma an zana yaƙin jiragen ruwa na Lefanto na 1571, inda haɗakar Sifen da Benis da Paparoma ta karya rundunar Turkawa. Korfu tsibirin Girka ne da ke hannun Benis, kuma ba a bakinsa aka yi yaƙin ba, can kudu ne da nisa. An jawo shi ne domin a sami bangon rataya nasara. Bangon bai faɗi cewa a wannan shekara ta 1571 Turkawa suka gama ƙwace Kuburus daga Benis ba, ko cewa a 1574 sun karɓe Tunis daga Sifen. Haka nan mai kallon taswirar Sisili ba abin da zai tuna masa cewa Musulmi sun fara cin tsibirin a 827 sun kuma riƙe sassansa har 1091, ko cewa a Falarmo ne Al-Idrisi ya kammala wa Sarki Roja na 2 taswirar duniya a 1154, ita ma kudu na sama, fiye da shekara 400 kafin Danti. Maroƙin fada ba ya ƙirga yaƙin da ubangidansa ya sha kaye, kuma ta wannan fuska zauren waƙar fada ce da aka yi da fenti.

4.4 Salo da Ado

Salon taswirorin mai taushi ne. Launi biyu ne suka rinjaya, shuɗi na teku da kore na ƙasa. An zana duwatsu da inuwarsu kamar tsuntsu ne ke hango su, koguna suna lanƙwasa, ƙauyuka kuwa 'yan ɗigo-ɗigo ne masu jan rufi. A teku akwai jirage da dodannin ruwa da taurarin nuna kusurwoyi da aka shafa wa ruwan zinariya. Wata dabara mai ban sha'awa ita ce yadda aka zana hotunan manyan birane a gefen taswira kamar takarda ce aka manna a bango bakinta ya ɗan naɗe, har mutum ya ji kamar ya kai hannu ya miƙar da ita. Bayanai kuwa da Latin aka rubuta su, wanda ke nuna cewa ba talakan Rum aka yi wa aikin ba, an yi shi ne don malamai da jakadu da manyan baƙi.

Masu yi wa baƙi jagora sukan ce ingancin taswirorin ya kai kashi 80 cikin 100. Wannan magana ba ta da ma'ana sosai, domin ingancin ba ɗaya ba ne daga bango zuwa bango. Inda Danti ya taka da ƙafarsa ya auna, kamar ƙasar Ferujiya da ta Bolonya, aikin ya fi tsafta. Sauran wurare kuwa ya dogara ne da taswirorin da wasu suka riga suka buga, ya gaji daidansu da kuskurensu. Bugu da ƙari, ba duk abin da ake gani a yau ne na Danti ba. Bayan shekara 50 kacal zanen ya fara lalacewa, Paparoma Urban na 8 ya sa wani masani Bajamushe, Lukas Holsteniyus, ya gyara wasu ya kuma sake wasu. A nan ne ƙudan zuma, tambarin gidan su Urban, suka sauka a bangon da dā macijin nan mai fiffike, tambarin gidan su Giregori, ke sarauta shi kaɗai. Ko wannan ma ƙarin shaida ne ga jigo, duk wanda ya hau kujera sai ya buga hatiminsa a kan ƙasar.

Salon rufin kuwa akasin na bango ne. Babu tafin hannu guda da aka bari fili. Hoto na gogar hoto, tsakaninsu an cike da sassaƙen farar ƙasa na mala'iku da furanni da tsuntsaye da ganyaye, aka bi gefunansu da ruwan zinariya. Ta fuskar gwanintar hannu ba a cewa komai. Amma ta fuskar isar da saƙo adon ya wuce gona da iri. Hotunan ƙanana ne, suna can sama, kuma ƙyallin da ke kewaye da su ya fi su ƙarfi, ta yadda dangantakar da aka sha wahala aka ƙulla tsakanin kowane labari da taswirarsa ba ta fitowa sai ga wanda ya zo da saninta. A adabi in marubuci ya cika adon harshe har mai sauraro ya manta abin da ake faɗa, cewa ake yi salo ya cinye jigo. Haka ya faru a nan. Kuma asarar ta fi faɗawa kan Danti, domin aikinsa mai son a matso kusa ne a karanta sunayen garuruwa a nitse, ga shi kuwa an ɗora masa maƙwabci mai ihu.

4.5 Zauren da Maziyarcin Yau

An yi wa zauren babban gyara daga 2012 zuwa 2016, aka wanke dattin shekaru, shuɗin tekun ya dawo da haskensa. Sai dai akwai abin da gyara bai taɓa ba, wato hanyar da aka shata wa baƙi. Paparoma daga fadarsa yake shigowa, ya fara da Italiya ta dā da ta zamaninsa, sa'an nan ya bi yankuna ɗaya bayan ɗaya. Maziyarcin yau kuwa daga ɗaya ƙofar yake shigowa, bayan ya ratso zauren dardumomin bango, ya nufi wajen fada. Saboda haka da tsibirai da yankunan kudu yake farawa, mabuɗin aikin kuma sai yana shirin fita yake ganinsa. Daidai yake da a ba ɗalibi waƙa a ce ya karanta daga baitin ƙarshe zuwa na farko.

Ga kuma cunkoso. A shekarar 2019 mutane kusan miliyan 7 ne suka shiga gidan adana kayan tarihin na Batikan, kuma mafi yawansu ta wannan zaure mai faɗin mita 6 suka bi, domin yana kan hanyar zuwa ɗakin ibada na Sistin inda zanen Mikelanjelo yake. Wurin da aka gina don mutum ɗaya da 'yan rakiyarsa su yi tattaki ya koma lungun wucewa. Wanda ya tsaya gaban taswira yana neman sunan wani ƙauye, na bayansa za su ture shi gaba. Abin da ido zai iya kamawa ana tafiya shi ne rufi, tun da shi kaɗai ne kawunan mutane ba su tare ba. Tun da kuma an hana ɗaukar hoto a Sistin amma ba a hana a nan ba, sai wayoyi su tashi sama gaba ɗaya daga bakin ƙofa. Akan sami baƙin da suke ɗauka ma sun riga sun iso Sistin ɗin, sai jagora ya ce musu da saura. Yawancin hotunan da ake fita da su daga zauren na dogon rufin zinariya ne, taswirorin Danti kuwa suna gefe-gefe, rabinsu a yanke.